Latti

Radiya malamar Turanci ce a firamaren garin Turawa, kuma ba kalmar da take yawan rubutawa kamar *late*. Kullum safiya sai ta ɗora ta gaban sunan yaran da suka makara. Mijinta Awaisu ma bai tsira ba, domin mutum ne da in ya ce azahar, to a sa ido la'asar. Malam Latti take ce masa, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai latti ba ƙin zuwa ba ne.

Ranar Laraba ya hau babur zuwa Zoza sayen irin gyaɗa. Ta raka shi zaure da wata magana a bakinta, kunya ta hana ta fito: ta yi ɓatan wata, bayan shekara huɗu suna jira. A littattafan soyayyar da take karantawa, da kalmar *late* ɗin nan dai matan Turai ke yi wa mazajensu irin wannan albishir. Ta ƙudura da ita za ta tsokane shi in ya dawo.

Tana cikin aji saƙo ya shigo daga wayarsa. Wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudu, a wani asibiti wajen Rogo, ta rubuto da Turanci cewa mai wayar nan *is late*.

Radiya ta san ma'ana ta uku. Ita da hannunta ta taɓa rubuta ta a allo: marigayi. Amma ta kife wayar, ta ƙarasa darasi, ta koma gida ta ɗora tukunya. Ta sa wa ranta in dai ba ta yarda ba, kalmar za ta tsaya inda Hausa ta ajiye ta.

Da la'asar aka yi sallama. Ilu ne, yayan mijinta, riƙe da hular Awaisu, duk ƙasa a jikinta.

"Yaya, latti ya yi," in ji ta. "Ka san halinsa."

"Radiya, sai haƙuri. Mota ce."

Tana takaba, cikinta na tasowa, amma har yau ko wane babur ya rage gudu a ƙofar gida sai albishir ɗin ya taso mata har leɓe. Ta saurara, babur ya wuce, ta haɗiye. Wani lokaci takan ji shi daga zaure, ƙasa-ƙasa, yana cewa latti ba ƙin zuwa ba ne. Ba ta taɓa leƙawa ba.