Kwalaben Vinikilang

Kan inji biyu Absalom ya ajiye a bisa buhu, ɗaya faifan ƙarfe mai haƙora uku, ɗaya na igiyar roba. Duk mai yankan ciyawa da inji a Jimeta ya san gamba mai tsawon mutum ba ta jin igiya, sai ƙarfe.

Amma ga matar da ta ɗauko shi aikin tsaye a bayansa. Hilda sunanta, da safen nan ta sauka daga Michika. Shekarar da 'yan bindiga suka koro su, a wannan fili na Vinikilang suka zauna wata biyar, a nan kuma zazzaɓi ya ɗauke ɗanta Eli. Babu siminti, babu allo, sai ta kifa kwalaben lemo a ƙasa ta zagaye kabarin da su. Yanzu an sayar da filin, katafila na bakin hanya, ƙarfe huɗu za ta shigo. Hilda ta zo ne ta tone ɗanta ta kai shi gida.

"Sa ƙarfe ka gama mana," in ji Bobboyi, dattijon da ya sayar da filin. "Direban katafila ya ce ba zai ƙara minti ɗaya ba."

"Bappa, ƙarfe in ya samu kwalba zai watsa ta, ni ba zan ma ji ba."

"Igiya kuma sai gobe."

Abin haushin, dukkansu gaskiya suka faɗa. Absalom ya ɗaura igiya. Kafin ya ci taku goma ta tsinke sau huɗu, gamba kuwa ko gezau.

Ƙarfe biyu da rabi ya kwance igiyar ya ɗaura faifan. Sai a nan ta kama hannun rigarsa.

"Ɗana, kar ka fasa min."

"Mama, sama zan bi. Iya gwiwa."

Riƙe inji a sama ba wasa ba ne. Kafaɗarsa ta ɗauki wuta, bakin injin na neman ƙasa, shi kuma tsoro ya cika shi, don kuskure ɗaya ya isa. Da ya zubar da kawunan gambar, ya mayar da igiya, ya bi gindin a hankali, kunnensa a ƙasa. A bakin hanya direban ya tayar da katafila.

Ƙas, ƙas, ƙas. Igiya ta taɓa kwalba.

Hilda ta durƙusa tana yaye ciyawa da hannu. Ga gindin kwalabe a zagaye, ɗan ƙarami, ko ɗaya bai fashe ba. Absalom ya ja da baya don ya ba ta wuri, igiyar ta sake yin ƙas a bayansa. Ya juya ya share wajen, sai ga wani zagayen, ga kuma wani kusa da shi. Da ya kashe injin, bakwai suka ƙirga.

Bobboyi ya yi salati ya nufi hanya da sauri, hannunsa a sama don ya tsayar da katafila.

Hilda ta dafa wannan, ta rarrafa ta dafa wancan, ta dawo na farko, ta rasa wanne ne na Eli.

"Ni na koya wa sauran matan da suka binne nasu a nan," ta ce, muryarta can ƙasa. "Don kar mu manta wajen."