Injin da Ke Jiran Hoto

Eliécer Góndola yana jera kujerun roba a barandar ofis, yana ƙirga su a karo na uku, sai wayar Kansila ta yi ƙara. Kansilan, mai suna Don Cástulo, ya duba lambar, ya miƙe tsaye kafin ya amsa. Daga nan Eliécer ya gane kiran daga babban birni ne, domin Kansila ba ya tashi wa kowa a Villa Amparo, ko da limamin coci ne.

"E, ranka ya daɗe. A'a, ranka ya daɗe. Ai dama ni ma abin da nake faɗa ke nan."

Ya ajiye wayar, ya share wuyansa da hankici.

"Tattara kujerun nan. An ɗaga bikin miƙa injin."

"Yallaɓai, karo na huɗu fa ke nan."

"To, ka iya ƙirga. Sai a ba ka lambar yabo."

Wata biyar ke nan da injin rijiyar burtsatsen unguwar ya ƙone. Kamfanin 'yan China da ke da filin ajiye kwantena a bayan unguwa ya sayo sabo kyauta, aka sauke shi a wannan barandar cikin akwatin katako. Sai dai kyautar kamfani ba ta zama kyauta sai an sa hannu a takarda an ɗauki hoto, kuma hoton ne ya gagara. Tun da Amurkawa suka fara ɗaure fuska kan zaman 'yan China a bakin mashigin jiragen ruwan da ya ratsa ƙasarmu, raɗe-raɗi ya cika gari cewa duk jami'in da aka gani a hoto yana yi musu murmushi, to ya yi sallama da bizarsa. Ba wanda ya taɓa ganin mutum guda da abin ya faɗa wa, amma kowa ya san wani da ya san shi. Don Cástulo kuwa yana da 'ya da jikoki biyu a Miami, can Amurka.

Mu ke nan. Jiragen ruwan duniya suna wucewa ta mashigin da ke bayan gidajenmu, kafin kowane ɗaya ya ratsa sai an sakar masa ruwan daɗin da zai ishi unguwa shekara guda, mu kuma muna wanka da kofi. Akwatin injin ma har ya samu aiki: a kansa tsofaffin unguwa suke buga wasan domino kowace safiya, suna yaba laushin katakonsa.

Eliécer shekararsa ashirin da huɗu, sakataren ofishin Kansila ne, kuma shi ne masinja, shi ne mai riƙe makulli. Ya karanta tarihin manyan jakadun duniya har ya fara tafiya da hannu ɗaya a baya, shi ya sa unguwa ta raɗa masa suna Jakada. Ya san zolaya ce, amma idan an kira shi yana waiwayowa da sauri fiye da yadda ya kamata. Jawabin bikin nan sau goma sha ɗaya ya sake rubuta shi, har ya samo jimlar da za ta gode wa China ba tare da ta ɓata wa Amurka ba. Ranar da ya samo ta sai da idonsa ya kawo ƙwalla. A aljihun kwat ɗinsa kuma akwai wata takarda da ya fi so da jawabin: gurbin karatu na wata uku da ya samu a wata jami'a a Amurka. Ranar Talata mai zuwa za a yi masa tambayoyin biza.

Bai kai ga ɗora kujera ta biyar ba babur ya tsaya a ƙofar ofis. Yamileth ce, ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin unguwa, wadda Eliécer ya rubuta wa wasiƙu bakwai bai ba ta ko ɗaya ba.

"Jakada, an fara yaƙin duniya ba ka nan. Mamanka ta rufe hanya."

"Wace hanyar?"

"Hanya nawa gare mu? Ta tashar jiragen ruwa mana. Tireloli sun kai gada."

Don Cástulo ya dafe cikinsa. Ya ce tun safe yake jin wani abu yana murɗa masa a nan, wajen dama, gara ya je garin Colón likita ya duba shi. Yamileth ta ce ta iya duba shi yanzu, ya ce a'a, irin ciwon nan sai namiji. Ya ɗauki makullin mota ya nufi ƙofar baya.

"Je ka lallashe su, ɗana. Ba kai ne mai karatu ba?"

A ƙasarmu idan kana son abu daga hukuma, kana iya rubuta takarda, mutane za su ce kana da tarbiyya. Idan kuwa abin kake so da gaske, sai ka rufe hanya. Matan Villa Amparo sun yi abin yadda ake yinsa: tsofaffin tayoyi huɗu, bokitai wofi an jera su daga wannan gefe zuwa wancan, kujeru da lema, da tutar ƙasa a kan sanda don kada a ce ba su da kishi. Wata har ta kafa kasko tana soya ayaba tana sayar wa direbobin da ta tare. 'Yan sanda biyu suna inuwa suna ci. A tsakiyar kwalta, kan kujerar da ta ɗauko daga falonta, Doña Bertilda, mahaifiyar Eliécer, ce zaune tana fifita da kwali.

Eliécer ya gyara kwat ɗinsa, ya sa hannu ɗaya a baya.

"Iyayena mata, na fahimci damuwarku. Sai dai al'amarin nan ba na unguwa ba ne kaɗai. Manyan ƙasashe biyu ne suke kallon juna ta saman kanmu, ƙaramar ƙasa kuma dole ta iya taka ƙwai ba tare da..."

"Eliécer," in ji mahaifiyarsa, "da ruwan wa ka yi wanka yau?"

"Mama, ina kan aiki."

"Bokitin da na hauro da shi daga bakin rafi don dafa shinkafa, na juya baya na tarar da rabi. Na ce ko kaji ne. Sai na ji ƙamshin sabulu ya wuce ni da kwat."

Matan suka kwashe da dariya, har da direban tirelar farko da ya leƙo ta taga.

"A bar shi, Bertilda," in ji mai soya ayaba. "Jakada ba ya ganin sarakuna da datti."

Ya tsaya da sauran jimlar a bakinsa. A littattafan da ya karanta an sha wulakanta jakadu, an kore su daga fada, an tsare su a kurkuku, amma bai taɓa karanta wanda uwarsa ta tona masa asirin wanka a gaban tirela arba'in ba.

Can sai ga wani mutum yana kutsowa a ƙafa ta tsakanin motoci, farar rigarsa ta manne masa da gumi, fayil a hammata. Mista Qiu ne, jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, saurayi da bai girmi Eliécer da yawa ba. Shekara uku a nan ta sa yana magana kamar ɗan kasuwar Colón.

"Sannunku, iyaye. Ina Kansila?"

"Cikinsa ya murɗa," in ji Yamileth.

"Wancan karon haƙori ne." Ya zauna kan wani bokiti da aka kifa, ya sauke numfashi. "Ku ji, ni ba gwamnati ba ne. Duk Litinin maigidana yana tambaya ta ina hoto. Matata ta haihu wata biyu ke nan, a waya kawai na ga yarinyar, an ce ba hutu sai na rufe fayil ɗin nan. Ku ruwa kuke nema, ni hoto. Ban san me Amurka take nema ba, ba ta taɓa kira na ba."

"To ka ɗauke mu mana," in ji Doña Bertilda. "Ga mu nan, mu talatin."

"Da zai yiwu da tuni na yi, Mama. Takardar cewa ta yi wakilin ofishin Kansila." Ya buɗe fayil ɗin ya bi layin da yatsa. "Wakili. Ba ta ce Kansila da kansa ba."

Idanun matan suka taru, ɗaya bayan ɗaya, a kan kwat ɗaya tilo da ke kan titin.

Eliécer ya ji takardar aljihunsa ta yi nauyi. Nan take ya hango wani ɗaki mai sanyi a Washington, da wani mutum mai tabarau yana riƙe da hotonsa yana girgiza kai, yana cewa, ashe har da Góndola. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ji daɗi cewa a can an san sunansa. Sauran zuciyar kuwa tsoro ne zalla, domin shekara biyu ya yi yana cike takardun nan, kuma bai taɓa son wani abu kamar yadda yake son ya ga dusar ƙanƙara ta tagar ɗakin karatu ba.

Yamileth ta matso kusa, ta rage murya, ba zolaya a cikinta.

"Ba dole ba ne, ka ji. Na san batun Talata. Ƙila ƙarya ce maganar bizar nan, ƙila kuma gaskiya ce. Ba wanda zai zarge ka."

Ya dubi mahaifiyarsa. Ta daina fifita.

"Ni ban ce ka yi ba," in ji ta. "Kujerata ce dai ba za ta tashi ba."

Kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace ƙasa. Bai san yaushe ta fara zama haka ba. Daga rafi zuwa gidansu hawa ne, shekararta sittin da ɗaya, shi kuma duk safiya yana ɗaki yana gyara waƙafi a jawabi.

"Mista Qiu," ya ce, muryarsa ta fita siririya fiye da yadda ya shirya, "kana da biro?"

Aka bar mata goma su tsare hanya, sauran suka bi su zuwa ofis. Eliécer yana gaba, yana jin kansa kamar wanda ake rakawa wurin harbi, yana ɗan takaicin cewa ba kiɗa. Tsofaffin domino suka tashi da gunaguni, ɗayansu yana cewa wasan da ya kusa ci ne aka tashi yi wa siyasa. Aka ɓalle katakon da ƙarfen taya. Injin ya fito shuɗi, yana sheƙi, bai kai girman da unguwa ta daɗe tana ba shi a baki ba.

Ya sa hannu a takardar, cikakken suna, har da lanƙwasar da yake yi a ƙarshe. Mista Qiu ya ɗaga wayarsa yana neman mai ɗauka. Yamileth ta miƙa hannu, amma Doña Bertilda ta riga ta.

"Kawo nan. Ɗana ne."

"Mama, kin iya kuwa?"

"Tsaya dai yadda ake tsayawa."

Ya tsaya. Ya ɗaga haɓa, ya dubi nesa, ya yi irin fuskar da yake ganin ta dace da mutumin da ya sayar da gobensa don mutanensa. Ya so Yamileth tana kallo, ya saci ido ya ga tana kallon. Doña Bertilda ta ɗauki lokaci tana ɗaga wayar tana saukewa, sannan ta danna sau ɗaya ta miƙa wa mai ita.

Suka haɗa kai a kan hoton. Ga injin a tsakiya, ga Mista Qiu yana murmushi har kunne, ga takarda. A gefensa kuma ga kwat mai kyau, a goge, ta tsaya daidai wuya. Daga nan sai ƙarshen hoto.

"Mama, kin yanke mini kai."

"Na gani."

Mista Qiu ya ƙura wa hoton ido, ya dubi tsohuwar, ya sake duban hoton. "Akwai kwat, akwai inji, akwai ni," ya ce a hankali. "Takarda a aljihun tebur za ta zauna, hoto ne yake yawo. Wannan ya isa." Kafin wani ya ce uffan ya tura shi.

Eliécer ya tsaya da sadaukarwarsa a hannu bai san inda zai ajiye ta ba. Ya kamata ya ji sanyi a ransa, kuma ya ji, amma a ƙarƙashin sanyin akwai wani ɗan ƙaramin abu mara kunya da yake cewa fuskar nan fa ta yi kyau.

"Ko za a sake ɗauka?" ya ce. "Guda ɗaya kawai, don tarihi."

Yamileth ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"In ka je can Amurkan ka ɗauki mai kai, ka aiko mini," in ji Doña Bertilda. "Cire rigar nan kada ta yi maiƙo. Kama wancan gefen, ɗan China ya kama wannan. Rijiyar ba ta zuwa da ƙafarta."

Ya cire kwat ɗin, ya rasa inda zai rataye ta, sai Yamileth ta karɓa ta saɓa a kafaɗa. Ya sunkuya ya kama ƙarfen. Injin ya fi yadda yake a ido nauyi, kuma daga ofis zuwa rijiya hawa ne.