Faifan Ramiro Na Uku

Mijina Ramiro Scalise mai kaɗa piyano ne. Shekara shida ya yi a wata ƙungiyar makaɗan rok a Buenos Aires, irin waɗanda kiɗa ɗaya ke cinye fuskar faifai guda sukutum, minti ashirin ba a tsaya ba. A shekarar 1974 ya bar su ya fara fitar da faifai shi kaɗai. Na farko bai yi kasuwa ba, har mahaifiyarsa ta ce ta saurara ta ɗauka allurar garmaho ce ta lalace. Na biyu ya ɗaga shi. Ni Nélida ni ke zana masa bangon kowane faifai, a teburin kicin ɗinmu da ke unguwar Almagro.

Da sojoji suka karɓi mulki, mawaƙa suka shiga uku. Wasu aka hana sa waƙoƙinsu a rediyo, wasu suka gudu, wasu kuma aka neme su aka rasa. Ramiro ya kan ce da ni, "Neli, kwantar da hankalinki. Kiɗana ba shi da baki. Me za su kama, hannun hagu ko na dama?"

Bai yi ƙarya ba, babu kalma ko ɗaya a cikin faifansa na uku. Amma a bayan bangon akwai layi guda da na rubuta da hannuna, da yawun Ramiro: "Ga Tulio Marchesi, wanda ya koya mini amfani da hannun hagu."

Tulio amininsa ne tun suna makarantar kiɗa. Shi ma makaɗi ne, amma yana koyar da ma'aikatan wata masaƙa karatu a ƙarshen mako, kuma ba ya iya riƙe bakinsa. Kwana goma sha ɗaya bayan faifan ya shiga shaguna, wasu mutane cikin farin kaya suka je gidansu ana cin abincin rana, suka rufe masa kai da rigarsa a gaban mahaifiyarsa, Doña Amparo, suka tafi da shi. Washegari babbar mota ta zo ta kwashe kayan ɗakinsa kaf.

Faifai dubu uku ne a gari, kowanne da sunan Tulio a bayansa, da sunanmu a gaba. Muka ƙone littafin lambobin waya a bahon wanka. Ramiro ya daina taɓa piyano, wai kada maƙwabta su tuna muna nan. Duk lokacin da lif ya tsaya a hawanmu sai mu bar abin da muke yi mu zuba wa ƙofa ido.

Wata Alhamis da hantsi ina shanya a baranda na hangi koriyar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar gininmu. Mutum biyu suka fito. Ban san lokacin da rigar da ke hannuna ta faɗa titi ba.

Ba su fasa ƙofa ba, ƙwanƙwasawa suka yi a hankali, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Babban cikinsu, mai gashin baki, ya cire hula, ya kira Ramiro da Maestro, wato gwanin kiɗa.

"Maestro Scalise? Manjo Salaberri na gaishe ka. Ranar Lahadi yana da gashin nama a gidansa, yana son ka zo. Za mu zo ɗaukarku sha biyun rana."

Ramiro ya ce, "Ɗaukarmu?"

"Kai da uwargida mana. Ai ita ce mai zanen, ko ba ita ba ce?" Ya dube ni ya yi murmushi. "Manjo ya ce rubutunki na da kyau."

Kwana uku muka yi ba mu ci abin kirki ba. Na ce mu gudu. Ramiro ya ɗaga labule ya nuna mini motar, tana can kusurwar titi kusa da mai sayar da jarida, kuma ba ta gusa ba har Lahadi. Ran Asabar na rubuta wa ƙanwata wasiƙa, na faɗa mata inda takardun gida suke, na ɓoye wasiƙar a cikin gwangwanin gari. Da safiyar Lahadi na sa riga biyu, ɗaya kan ɗaya, domin na ji an ce inda ake kai mutane akwai sanyi.

Gidan yana bayan gari, da lambu da dogayen itatuwa. Yara na ninƙaya, mata na yanka tumatir, hayaƙin nama ya cika wurin. Wani gajeren mutum mai sanƙo ya taho da cokali mai yatsu a hannu, ya rungume Ramiro kamar ɗan'uwansa.

"Maestro! Yau ga ni ga ka! Ka san sau nawa na saurari faifanka na biyu? Matata ta ce ko ni ko shi a gidan nan."

Shi ne Manjo Salaberri. Ya zaunar da mu a gefensa, ya cika mana faranti da haƙarƙari da tsiran hanji. Kuma ba da wasa yake ba, ya san kiɗan. Ya san inda ganga ke shiga a fuska ta biyu, ya rera wurin da baki yana buga tebur. Ya ce faifan farko yarinta ta yi masa yawa, na biyu babu kamarsa a ƙasar nan, na uku kuwa akwai baƙin ciki a ciki.

"Me ya dame ka haka, Maestro? Ga ƙasa ta samu lafiya."

"Yanayi ne kawai, ranka ya daɗe," in ji Ramiro. Ya ajiye wuƙarsa a kan faranti.

Matar Manjo ta ce, "Ba ki jin zafi da rigunan nan, 'yar'uwa?" Na ce mura nake yi.

Da aka gama ci, Manjo ya goge hannu ya ce yana da abin da zai nuna mana. 'Yarsa Marisa tana koyon piyano, ya samo mata kyauta, amma abin ya ƙi magana. Ya ja mu zuwa falo, mu uku kawai, ya rufe ƙofa. Ya yaye wani farin mayafi.

Ogan ce, irin babban piyanon lantarkin nan mai jikin katako da maɓallai hawa biyu. A gefen hagu akwai ƙunar taba guda uku a jere. Na san ranar da aka yi ta ukun, domin ina wurin, Tulio yana dariya yana cewa ya kammala layi. A ƙasan murfin kuma ga ɗan kifin da na zana masa da jan fenti.

Na dafa kujera.

"Masu gyara biyu sun zo sun kasa," in ji Manjo. "Na ce bari in kira gwani."

Ogan ɗin Tulio tana da halinta. Sai ka danne makunnin farko ka ƙirga takwas, sannan ka daki gefen dama da gwiwa, daidai ƙasan maɓallai, kafin injin ya tashi. Ban da ni, mutum biyu ne a duniya suka san haka, ɗaya kuwa an rufe masa kai da riga. Idan Ramiro ya tashe ta, ya nuna ya san mai ita. Idan bai tashe ta ba, ya kunyata Manjo a gidansa.

Ya zauna. Ya danna wannan, ya murɗa wancan, ya leƙa baya yana duba waya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Manjo ya tsaya a bayansa, hannu a aljihu, yana kallo. Daga waje ana jin yara suna faɗawa ruwa.

Can Manjo ya sunkuya daidai kunnensa, ya ce a hankali, "Maestro, bar wahalar da kanka. Daki inda yake duka."

Ramiro bai juyo ba. Ya danne makunnin, na ga leɓensa na ƙirga, ya daki gefen da gwiwa. Injin ya yi gurnani ya tashi.

"Yauwa! Ai na sani." Manjo ya tafa hannu. "To, fuska ta biyu ta faifai na uku. Daga farko."

Minti goma sha tara ne kiɗan nan. Ban taɓa sanin tsawonsu ba sai ranar. Baƙi suka shigo da kofuna a hannu suka jeru a bango, har da mai gashin bakin da ya zo gidanmu. Ramiro ya kaɗa ido rufe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Manjo ya zauna ya jingina kai, da aka zo wurin da hannun hagu ke tafiya shi kaɗai na ga ya share ido da babban yatsa.

Da mutane suka koma lambu, Manjo ya ɗauko faifayen Ramiro guda uku da alƙalami. Ramiro ya sa hannu a na farko da na biyu. Na ukun Manjo ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan rubutuna.

"Wane ne wannan Tulio Marchesi?"

Ramiro ya dubi alƙalamin da ke hannunsa. "Wani ne da muka yi makaranta tare, ranka ya daɗe. Mun daɗe ba mu haɗu ba."

"Ba abokinka ba ne?"

"A'a. Sanayya ce kawai."

"Madalla. Haka nake so in ji."

Ban yi niyyar magana ba, wallahi bakina ne ya buɗe da kansa. Na ce, "Yana da rai?"

Ramiro ya damƙe hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Manjo ya daɗe yana kallona, fuskarsa ba fushi ba fara'a.

"Uwargida, ni ina zan sani? Samarin nan sai su tsallaka ƙasar waje da 'yan mata, su bar iyaye da kuka." Ya mayar da faifan cikin bango. "Shawara zan ba ki, a matsayin mai son aikinku. Faifai na huɗu, ki rubuta sunan da ba zai ba kowa ciwon kai ba. Marisa suna ne mai daɗi. Zan jira shi kafin Kirsimeti."

Motar da ta kawo mu ita ta mayar da mu. Matar Manjo ta ƙunsa mana ragowar nama a takarda, na riƙe shi a cinya yana ɗiga mini mai. A rabin hanya direban ya bar babban titi ya shiga wata hanyar ƙasa tsakanin rumbunan ajiya, babu gida babu mutum. Ya tsaya. Mai gashin baki ya buɗe ƙofa ya fita. Ramiro ya sa kansa a kafaɗata, na ji yana karanta addu'ar da bai yi ba tun yana yaro. Na rufe ido ina jiran a ce mu fito.

Fitsari mutumin ya yi a jikin bango. Ya dawo yana gyara bel, ya ce, "Giyar Manjo ba ta da imani." Suka yi dariya shi da direba.

Muna shiga gida Ramiro ya wuce banɗaki ya yi ta amai. Da ya fito ya zauna a ƙasa ya ce, "Na ce ba abokina ba ne, Neli. Kin ji ni. A kan ogan ɗinsa na faɗa."

Na ce, "Na ji ka. Da ka faɗi wani abu daban da yanzu ba mu nan."



Ran Talata na ɗauki kwandon cefane na shiga kasuwa ta wata ƙofa na fita ta wata, na hau bas zuwa gidan Doña Amparo. Na same ta zaune a ɗakin Tulio, ɗakin da ba komai sai ƙusoshi a bango. Na faɗa mata abin da na gani, da sunan mutumin, da unguwar. Ta sa na maimaita sunan sau uku har ta haddace, domin ba ta yarda ta rubuta ba. Sannan ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "'Yata, ku tafi. Ni ba abin da ya rage su ɗauka a wurina. Ku kuna da shi."

Mako biyu bayan haka, da muka ga motar ta daina kwana a kusurwa, muka fita da jaka ɗaya kamar masu zuwa ziyara. Ramiro ya aske gashinsa da gemunsa. Awa ashirin muka yi a bas zuwa iyakar Brazil. A bakin gada soja ya hau yana duba takardu da wani dogon jerin sunaye a hannunsa. Ya tsaya a kanmu, ya bi jerin da yatsa, ya juya shafi, ya sake bi.

"Sana'a?"

"Malamin makaranta," in ji Ramiro.

Sojan ya miƙo takardun ya wuce kujera ta gaba. Ban saki numfashi ba sai da na ga allon da ke ɗauke da wani harshe.

A São Paulo muka zauna shekara bakwai, yana kaɗa piyano a otal, ni ina zanen tallan sabulu. A can ya yi faifansa na huɗu, piyano zalla, aka buga ɗari biyar. Bayan sojoji sun sauka, Doña Amparo ta tsaya gaban alƙalai ta faɗi sunan Manjo, ni ma na dawo na ba da shaida, Ramiro ya biyo bayana ya faɗi duk abin da ya faɗa a falon nan, bai rage kalma ba. An ɗaure Salaberri, bayan 'yan shekaru aka sake shi. Tulio kuwa ba a same shi ba, Doña Amparo ta rasu tana da shekara tamanin da huɗu tana nemansa.