Garke a Cikin Gilashi

Tun shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun Malam Yero a Kurawa, suka bar masa dangwali, igiyar ɗaure maruƙa, babu maraƙi ko ɗaya, tsohon ya daina magana sai ta dole. Iyalin suka taso suka dawo cikin garin Sabon Birni. Ba a jima ba matarsa ta rasu, ƙafafunsa kuma suka fara ƙin ɗaukarsa. Babbar ɗiyarsa Safiyatu, wadda ita ma mijinta ya rasu, ta kwaso kayanta daga Isa ta dawo gida jinya.

Ita ke dama masa fura, ta murje ta sosai don kada gaya ya tsaya masa a wuya. Ita ke ɗumama ruwan alwala, ta shafa masa man zafi a gwiwa, ta fitar da shi inuwar bishiyar bedi da hantsi, ta mai da shi ɗaki in rana ta take. Iyakar abin da take samu shi ne "to" ko "madalla", wani lokaci ma gyaɗa kai kawai. Abin bai dame ta ba, don ta ɗauka maganar ce ta ƙare masa, babu wanda zai sake samun fiye da haka.

Ana nan sai ga autansu Hafizullahi ya zo hutu daga Jidda, inda yake aiki a shagon da ake sayar da kifayen ado. Motar da ta kawo shi cike take da kwalaye. Aka sauke wani dogon akwatin gilashi, da buhun gishiri, da duwatsu masu huji-huji, da fitila shuɗiya, da ɗan injin sanyaya ruwa.

"Wanga tarkace fa na mi ne?" in ji Safiyatu.

"Teku za ni kawo ma Baba, Adda."

"Teku? Mutumin da ko gulbi aka ce ya cika ba shi ɗaga kai?"

Hafizu ya yi dariya kawai. Ya ƙara faifan sola a kan rufi, ya kafa akwatin a ɗakin tsohon, daidai inda yake fuskanta in ya jingina. Ya ce ruwan rijiya ba zai yi ba, sai tatacce, don haka ya je inda ake ɗura ruwan leda ya yo jarkoki. Gishirin ma ba na miya ba ne. Ya auna, ya dama, ya zuba, ya jera duwatsun, sannan ya ce sai an bar ruwan ya yi makonni yana zagayawa kafin a saka mai rai a ciki.

Makonnin nan Safiyatu ta ji daɗinsu, ko da yake ba za ta faɗa ba. Akwati na ta gurnani, babu komai ciki sai duwatsu da wani datti ruwan ƙasa da ya fara kama su. Malam Yero ko kallonsa ba ya yi. In ta shigo da kwanon fura sai ta ce, "Hafizu, ina kwanan duwatsunka?"

Ranar da kayan suka iso daga Legas, Hafizu ya je har Sakkwato ya karɓo su a cikin kula. Da ya ce akwai murjani, Safiyatu ta zaci jajayen duwatsun wuya za ta gani irin na marigayiya innarsu. Sai ta ga wasu 'yan guntaye marasa kyan gani, kowanne manne a kan ɗan dutse.

"Dabba ce, Adda, tana da rai. Ba ta son zahi, ba ta son datti. Ki ba ta lokaci."

Ya jiƙa ledojin da aka zubo kifayen ciki a saman ruwan har suka saba, sannan ya saki kifayen, ya dasa murjanin a jikin duwatsu. Kafin la'asar guntayen nan suka buɗe. Wani ya zama kore shar yana kaɗawa kamar ciyawar sabon ruwa, wani ya fito da 'yan yatsu masu haske, wani kuma mai rassa kamar ƙahon barewa. Kifaye ja da rawaya da shuɗi suna shiga tsakaninsu suna fita.

Safiyatu na bakin ƙofa da kwano a hannu lokacin da ta ji muryar mahaifinta.

"Waccan ja mai zanen hwari, ita ce uwar garke. Duba, ko'ina ta nuhwa sauran na biye."

Ya ce sunanta Woɗe, kamar yadda Fulani ke kiran jar saniya. Baƙar kuma mai laɓewa bayan dutse ya ce irin maƙetatan shanun nan ce masu jiran a juya baya su shiga gonar mutane. Sai ya yi dariya, har da tari. Hafizu ya durƙusa gefensa, tsohon ya dafa kansa yana sa masa albarka, doguwa, ya haɗa da 'ya'yan da bai haifa ba tukuna.

Safiyatu ta ajiye kwanon a hankali ta fita. Ta wuce madafa.

Da hutun Hafizu ya ƙare, ita ya koya wa aikin, don babu wani. Kullum ta cika abin da ya ƙafe da ruwa marar gishiri, saboda ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Ta kankare kore daga jikin gilashi. Abinci ɗan tsunkule, kada ya yi saura ya ruɓe. Duk mako ta kwashe bokiti guda ta mayar da sabon haɗi. Ya nuna mata ma'aunin zafi da ke manne a gefe, ya ce in layin ya haye jan zane to akwai matsala. Ya hau mota ya tafi.

Aiki ya ƙaru mata a kan na da, amma suna na Hafizu ne. Dattawan unguwa suka mai da ɗakin wurin hira. Mata na sallama su ce sun zo ganin tekun Hafizu. Maƙwabciyarsu Sa'adiyya ta tsaya gaban gilashin da Safiyatu ta gama gogewa yanzun nan, ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, Malam ya haihi ɗa. Wanga yaro shi ya tashe shi." Safiyatu ta ce, "Ƙwarai kuwa," ta ɗauki bokitinta.

Duk Juma'a in Hafizu ya kira, ita ke riƙe wa tsohon wayar. Sai ya zauna ya ba da labarin kowane kifi, wanda ya yi faɗa da wanda ya ƙi ci, da sabon reshen da murjani ya fitar. Hannunta ya yi tsami, ba a ambace ta ba sai in za a ce, "Matso da ita in gan shi da kyau."

Bazara ta shigo da zafinta. Wata safiya Safiyatu ta shiga da tsunkulen abinci, ta ji ɗakin shiru ta gefe guda. Injin sanyaya ruwa ya tsaya. Ta duba ma'aunin, layi ya taɓa jan zane. Malam Yero na jingine, idanunsa a lumshe.

Ta tsaya tana kallon Woɗe. Sannan ta watsa abincin, ta fita, ta jiƙa gero ta fara surfe.

Ta san abin da take yi. Kowace taɓarya ta sauke sai ta ce wa kanta ai ba ita ta kashe injin ba, kuma wanda ya kawo teku ƙasar Gobir shi ya san yadda zai yi da rana. In sun mutu a fitar da akwatin, ɗakin ya koma yadda yake. Ta gama surfe, ta sheƙe, ta wanke, rana na ta hawa.

"Safiyatu!"

Rabonta da jin wannan murya ta mahaifinta tun suna ruga, lokacin da yake kiran shanu daga hayin fadama. Ko a nan sai da abin ya soke ta, wato saboda kifi muryar tana nan. Amma ta saki ƙwaryar ta ruga.

Kifayen sun taso sama suna haki. Murjanin duk ya tsuke, kore ya koma kamar tsumma. Tsohon ya sauko daga gado da jan gindi, ya manna tafinsa a gilashin. Irin fuskar da ya yi ke nan ranar da aka dawo da shi daga Kurawa.

Ta zari hijabi ta yi waje babu takalmi. Wurin Hamza mai ƙanƙara ta cika bokiti da ledojin ƙanƙara. Ta tuna Hafizu ya ce kada a kwance leda, don haka ta jefa su a ɗaure suna yawo a saman ruwan. Ta buɗe murfin, ta juya fanka tana hura ruwan, ta rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga. In ƙanƙara ta narke ta koma ta ƙaro. Haka ta wuni, sai bayan la'asar mai gyaran firji ya zo ya canza wayar injin da ta ƙone.

Kifayen sun tsira, koren murjanin ma ya sake buɗewa. Mai ƙahon barewa ne bai tashi ba. Cikin 'yan kwanaki ya yi fari fat, ya zama ƙashi.

Tana ciro shi daga ruwan tsohon ya ce, "Na gan ki ran nan. Kin duba, kinka hita."

Ba ta juyo ba.

"Sadda nike da garke," ya ce, "wadda ke tahiya gehena ban cika kiran sunanta ba. Ta nesa nike kira."

"Ni ba saniya ba ce, Baba." Muryarta ta karye. "Shekara nawa ina nan? Hafizu ya zo da kwalaye ya koma. Ni ke ɗaukar ruwan, ni ke ɗaukar ka."

Can ya ce, "Gaskiyarki." Ya miƙo hannu, ta ba shi mataccen murjanin, ya juya shi, ya tura ƙarƙashin matashi.

Ranar Juma'a Hafizu ya kira, ta riƙe wayar kamar kullum. Tsohon ya ba shi labarin injin da ƙanƙara, bai faɗi sauran ba. Ya ce, "Addarka ta tsai da garken nan. Da ba ita ba, da babu ko ɗaya." Ya ɗaga ido ya dube ta, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa ta gama lafiya. Hafizu ya ce amin, ya yi ta godiya, ya ce zai aiko da wani reshen murjanin.

Daga nan hira ta koma kan Woɗe, kuma da za su yi sallama tsohon ya sa wa Hafizu tasa albarkar. Safiyatu ta kama kanta tana saurare, tana gwada tsawon biyun. Ta Hafizu ta fi tsawo. Ta kashe wayar, ta duba ma'aunin zafi, ta ce wa tsohon ya gyara zama za ta kawo tuwo.