Umaima Tana Jiran Mama

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye, bayan tankin ruwa. Wannan labarin ƙanwata Umaima ne, 'yar shekara bakwai.

Mamanmu a Abuja take aiki, mu kuma muna haya a Kwamba, can wajen birnin. Tun kafin assalatu take fita neman mota, ba ta dawowa sai unguwa ta yi tsit, saboda cunkoson hanyar Dutsen Zuma. Umaima ba ta yarda ta kwanta sai ta ji ƙarar ƙofa. Da asuba kuma, tana jin motsin bokiti za ta tashi, ta zauna bakin katifa tana kallon Mama na ɗaura ɗankwali. Iyakar ganin da suke wa juna ke nan a ranakun aiki.

Sai Umaima ta fara ƙiba. Da farko matan gidan yabawa suke, wai Abuja ta karɓe mu. Da kayan makarantarta suka daina shigarta, yara suka laƙaba mata Buhun Masara, Mama ta ce in rage mata tuwo, in hana ta cincin. Na rage. Umaima ta koma kankare tukunya, tana gyangyaɗi a aji, ƙibar kuma tana nan.

Wata Asabar, Mama na gida, maƙwabciyarmu Anti Naomi, ma'aikaciyar jinya, ta shigo aron turmi, ta tarar Umaima na kuka a kan 'yar malmalarta. Ta tambaye ni yaushe take barci, na faɗa mata. Ta ce yaron da barci bai ishe shi ba yakan wuni da yunwa da kwaɗayin zaƙi, ga kasala, jiki kuma ya yi ta tara kitse. Ba ta ce shi kaɗai ne dalili ba, amma ta ce a fara da shi. A mayar mata da tuwonta, ta kwanta bayan isha'i, kada a tashe ta da asuba.

Mama ta daɗe tana murza ido.

"To yaushe zan gan ta, Anti?"

"Za ki gan ta tana barci."

Umaima ta share hawaye da bayan hannu, ta ce, "Ni na yarda da rabin tuwon, Mama. A bar ni in jira ki."

"A'a, auta. Ki ci ki ƙoshi, ki kwanta. Asabar da Lahadi naki ne."

Mama ta kwance ɗankwalinta ta miƙa mata, ta ce ta riƙa kwana da shi. Ta jawo ta kan tabarma, ta fara yi mata hirar ofis, amma ko tsakiya ba ta kai ba barci ya kwashe ta. Umaima kuwa idonta biyu, ta ƙura wa fuskar Mama ido, ɗankwalin a dunƙule a hannunta.

Na ƙara malmala ɗaya a kwanonta, na rufe. Na ɗauki littafina da takalmana a hannu, na zame ta bayan labule.