Suwaitar Mista Hollis

Duk shekara idan jirgin kaya ya sauke kwalaye a bakin ruwan tsibirin, Malama Leiwia ba sai ta buɗe ba, ta san abin da ke ciki. Suwaita ce. Wata coci ce a wani gari mai sanyi can kudancin Ostareliya ta kafa ƙungiyar taimaka wa karatun 'ya'yan talakawa. Su ke ɗauke da karatun yara arba'in a makarantar da Leiwia take shugabanta, kuma tsofaffin matan cocin duk Talata sukan zauna su saƙa wa yaran rigunan ulu masu kauri kamar bargo. Ba wanda ya taɓa gaya wa bayin Allahn nan cewa a wannan gefen na Vanuatu, mutum yakan tsufa ya mutu bai san abin da ake kira sanyi ba.

Leiwia dai ta rubuta, har sau huɗu. Wasiƙun a teburin shugaban ƙungiyar suke tsayawa, wani dogon mutum mai jan wuya da ake kira Mista Hollis, kuma amsarsa ba ta canzawa: hoton yara cikin suwaita shi ke motsa zuciyar masu bayarwa. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk shekara sai ta jera yara a rana, a cusa musu ulu, su washe baki, a ɗauka, a cire.

Bara ne abin ya ɓaci. Hollis ya zo da kansa ɗaukar bidiyo, ya ce lallai sai teku ta fito a bayan yaran, ya tsayar da su a kan yashi fiye da awa guda. Rinnah, 'yar marigayi wan Leiwia, wadda ita ke zuwa ta ɗaya a aji shida, ƙurajen zafi sun cika mata baya. Ta daure, ta daure, da ta ji abin ya kai mata iya wuya sai ta fizge suwaitar ta yi jifa da ita. Bayan wata guda takarda ta iso: an cire sunanta saboda rashin godiya. Yarinyar da ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana a babban tsibiri, ga ta shekara guda a gida tana kankare kwakwa. Makarantar ta yi alkawarin riƙe mata gurbi zuwa buɗewar wannan zangon kawai, kuma saura mako biyu.

Leiwia ta tsani mutumin nan, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Ko a coci, in aka zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, bakinta kawai ke motsi. Da labari ya zo cewa zai dawo ƙarshen Janairu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, har da uku daga cikin matan saƙar, sai ta kwaso suwaita biyar daga ɗakin ajiya. Ta farke su, ta haɗa a keken ɗinki, ta yi riga ɗaya ta ƙaton namiji mai ninki biyu da dogon wuya. Sannan ta nufi gidan sarkin garin, Kalorib, wanda ƙanen mahaifiyarta ne.

Tsohon ya ɗaga rigar, ya auna nauyinta a hannu. "Ke Leiwia, wannan riga ce ko tanda?"

"Kyautar baƙo ce, Kawu. Ba al'adarmu ba ce mu tufatar da baƙo ranar tarba?"

"Da 'yar shara mai furanni muke tufatarwa, ba da wannan ba. Kin san in ya fusata, yara talatin da tara za su bi Rinnah gida?"

"Na sani."

"Kin sani, amma za ki yi?"

"Kawu, na roƙa, na rubuta, na durƙusa. Rama cuta ga macuci ibada ne. Kai dai abin da nake so a wurinka, kada ka gajarta jawabi."

Kalorib ya tuntsire da dariya. "Ni? Yaushe kika taɓa jin na gajarta?"

Ranar tarba rana ta fito kamar da gayya, ko ganye ba ya motsi. Baƙi suka sauko daga kwalekwale, mata na waƙa. Aka saka wa tsofaffin nan uku dogayen riguna marasa nauyi, aka rataya musu furanni, aka zaunar da su ƙarƙashin mangwaro. Da aka zo kan Hollis, Leiwia da kanta ta fito da rigar a kan tabarma, ta riƙe da hannu biyu, ta rusuna.

"Yallaɓai, shekara tara kana tufatar da 'ya'yanmu. Yau mun ce bari mu ma mu tufatar da kai da irin abin da ka fi so."

Matan saƙar suka gane ulunsu, suka hau tafi, ɗaya har da ƙwalla. Hollis ya dubi rigar, ya dubi kyamarar da ya kafa da hannunsa. Ya san a garin nan ba a mayar da hannun kyauta baya. Ya yi murmushin yaƙe ya zura kai. Mata suka zo da hoda kamar yadda aka saba, suka barbaɗa masa a wuya da kumatu, aka kai shi kujerar girma, wadda Leiwia ta sa aka ajiye a tsakiyar fili don teku ta fito a bayansa.

Kalorib ya tashi. Ya faro daga zuwan kakanninsu cikin kwalekwale, ya gangaro kan mishan na farko, ya ratsa guguwa uku, kowace da sunayen waɗanda rufinsu ya tashi. Hodar wuyan Hollis ta koma kunu tana gangarowa. Jan wuyan nan ya haura har kunne. Aka kawo masa laplap, wato gurzajjiyar doya dafaffiya da aka ciro yanzu daga kan duwatsu masu zafi, yana tururi, kuma babban baƙo shi ke fara ci. Leiwia tana gefensa da laima a naɗe a hannu, ba ta buɗe ba. Daɗi take ji, daɗi na gaske, irin wanda rabonta da shi tun ranar da takardar nan ta zo.

Da awa ta cika, Hollis ya karkato yana haki. "Malama, don Allah, zan iya cire wannan abin?"

Ta karɓi lasifika daga hannun Kalorib. "Jama'a, Yallaɓai yana tambaya ko zai cire kyautarmu. Ni kuwa tsoro nake ji masa, don shi ya koya mana hukuncin wanda ya cire suwaita a gaban kyamara. Rinnah, taso."

Yarinyar ta miƙe daga cikin mata, kanta a ƙasa. Leiwia ta ba da labarin tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba ta rage ba, har da kalmomin takardar, don ta haddace su. Ita kanta gabanta faɗuwa yake, don ta san ta riga ta jefa yara talatin da tara cikin ruwa tare da ɗaya.

Babbar cikin matan saƙar, Misis Doreen, wadda yatsunta duk sun karkace, ta dogara sanda ta tashi. "'Yata, nan kullum haka zafin yake?"

"Kullum, Mama. Har a watan Yuni, da kuke cikin sanyi, mu zufa muke yi."

"Ai mu ce mana aka yi da dare yara rawar ɗari suke." Ta juya wajen Hollis, ta kira shi da sunansa na yanka. "Kai Graham, da kai nake! Shekara tara ina saƙa da waɗannan hannuwan, ashe gasa 'ya'yan mutane nake? Ka kuma kori yarinya ba mu sani ba?"

Hollis ya nemi mafaka a fuskar sauran matan biyu bai samu ba. Ya miƙe, ya karɓi lasifika, ya ce an yi kuskure, sunan Rinnah ya koma daga yau, kuma zai rubuta wa makarantar kwana kafin ya hau kwalekwale. Doreen ta ce ba kafin ya hau ba, yanzu. Aka kawo takarda da biro ya rubuta a kan gwiwarsa, zufa na ɗiga a kan layukan. Leiwia ta karanta sau biyu, ta miƙa wa Rinnah, yarinyar ta rungume takardar ta fashe da kuka.

Nan ya kamata mai imani ta yi sassauci. Hollis ma haka ya zata, don har ya kama gefen rigar zai ɗaga.

"Haba Yallaɓai, ba a yi addu'ar rufewa ba," in ji Leiwia, ta dafe masa hannu. Ta waiga cikin dattawan coci, ta tsallake fasto, ta zaɓi wani tsoho kurma da ba ya jin "amin" ɗin da ake yi don a tsayar da shi. "Baba Tarip, bismillah. Ka sa mana yaran nan arba'in a gaban Ubangiji, kowa da sunansa, da na iyayensa."

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Kowa ya rufe ido, ban da Leiwia.