Burodin Hure

Hure na jera curin kwaɓi a gwangwanaye ta ji tsayuwar babur a ƙofar gidan burodin. Dabo mai shayin tashar Tofa ne, kuma kwalin da ya ɗauka jiya yana nan a bayansa, ba a taɓa shi ba.

"Hajiya, na dawo miki da kayanki," ya ce.

Hajiya Amsa, wadda ta buɗe wurin don koya wa nakasassu da marasa ƙarfi sana'a, ta fito tana goge hannu. "Lafiya, Malam Dabo? Bai gasu ba ne?"

"Ya gasu. Magana ce ta bazu a tasha, wai akwai mai kuturta cikin masu yi. Jiya ko direba ɗaya bai saya ba."

Hure ta ji komai ta taga. Ta dubi hannuwanta cikin safar roba, inda yatsu uku ba su cika safar ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da likita ya sallame ta. Amma har yau a ƙauyensu kwanonta daban ake ajiyewa, kuma kafin ta zo nan ba wanda ya taɓa cin abin da ta dafa sai 'yarta.

"Ta warke tuntuni," in ji Hajiya. "Takardar asibiti na nan, in kana son gani."

"Hajiya, takarda ba ta zama a bencina ta sha shayi."

Duk masu koyon sun san Dabo ne ke kwashe rabin abin da suke gasawa, sauran masu shayi kuma shi suke bi.

Hure ta fito a hankali. "Hajiya, ki mayar da ni wajen itace da shara. Kada mutum goma sha biyu su rasa wurinsu saboda ni."

Hajiya ta nuna wa Dabo kantar hagu. "Ga wanda sauran suka yi. Ɗauki a nan."

Dabo ya ɗaga ɗaya ya latsa, ya ajiye. Ya ɗaga wani, gefe guda ya tashi, gefe guda ya kwanta. "Ai ba irin wannan nake ɗauka ba. Ina mai laushin nan?"

"Na Hure ne. Wata huɗu shi kake zaɓa da hannunka, shi kake kai wa 'ya'yanka."

Dabo ya daɗe tsaye yana sosa ƙeya. Can ya yage ledar guda cikin kwalin da ya dawo da shi, ya gutsura, ya yi bisimilla, ya ci.

"Zan ci a gaban direbobin," ya ce. "Wanda ya ga dama ya saya. Amma ban yi alkawarin gobe ba."

Hure ta koma ciki ta ɗauko sabon gashi a faifai, da ɗuminsa, ta miƙa masa. Dabo ya kalli faifan, ya kalli hannun da ke riƙe da shi.

"Ajiye a nan, Inna. Sannu da aiki."

Ta ajiye a kan benci. Sai da ya ɗaure kwalin ya tayar da babur sannan ta juya. Kwaɓin da ta bari ya riga ya fara tashi, ta gyara safarta ta ci gaba da curawa.